Allurar wata ko ƙwaya ga mai taɓin hankali?

Ƴar'uwa, kin ce ƙanenki a Tawa yana ɓoye ƙwayoyinsa ƙarƙashin tabarma, kina tambaya ko allura ta fi. Ga irinsa kam, ina ganin ta fi. Allurar da ake kira Haldol Decanoas a tsoka ake yin ta, sau ɗaya duk sati 4, maganin yana shiga jini kaɗan-kaɗan. Ranar da ya ƙi zuwa, kowa ya sani.

Sai dai ƙwaya, in ta sandarar masa da wuya ko hannu ya kama rawa, gobe ma a rage ta. Allura kuwa ta riga ta shiga, sai haƙurin makonni. Shi ya sa ake fara gwada mutum da ƙwayar haloperidol, wato maganin da ke cikin allurar, tukuna.

Ki kai shi wurin likitansa, kada ku canza da kanku. A ji ta bakin ƙanen naki shi ma, jikinsa ne.