Yaron da ya yi hijira daga Sakkwato zai iya shiga kwaleji a jihar Tawa?

Tambaya: Wani magidanci daga wani ƙauye a yankin Bangi, cikin gundumar Madawa ta jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ya ce ya sauki iyalan ɗan'uwansa da suka tsere wa 'yan bindiga daga jihar Sakkwato, kuma cikinsu akwai yaro ɗan shekara 14 da ya kai aji biyu na ƙaramar sakandare. Ko za a karɓe shi a kwaleji, wato ƙaramar sakandare ta Nijar?

Amsa: Malam, ta fuskar doka hanya a buɗe take, domin Nijar tana cikin yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira, ta kuma kafa dokarta a 1997, kuma yaransu suna zama aji ɗaya da 'yan ƙasa a makarantun gwamnati. Inda gizo ke saƙar shi ne harshe da masauki.

Kwaleji a nan shekara 4 ce kafin jarrabawar kammala ta, wato BEPC, sai shekara 3 ta lise (babbar sakandare), kuma da Faransanci ake koyar da kusan kome. Yaran Mali da suka fara shigowa arewacin Tawa tun 2012 sun fi samun sauƙi, tunda da Faransancin suka faro. Ɗan Sakkwato kuwa zai yi hira da Hausa a filin makaranta kamar a gidansu, amma da zarar malam ya juya ga allo sai ya koma baƙo. Shawarata ita ce ku yarda a mayar da shi baya, ko da zuwa ajin ƙarshe na firamare ne, ya kama harshen tukuna. Iyaye kan ji wannan kamar faɗuwa, alhali wanda aka tura gaba da ƙarfi shi ne yakan gudu kafin Janairu.

Masauki ya fi ba ni tsoro. Kwalejoji galibi a manyan garuruwa suke, saboda haka yaron ƙauye sai an damƙa shi ga wani mai gida. Na sha ganin irinsu: da asuba yana ɗauke da jarkar ruwan gidan mutane, ya iso aji a makare, ba abin karyawa, littafinsa naɗe cikin leda. Idan yarinya ce, sau da yawa a nan ake yanke shawarar aure. Ku nemi gidan da kuka sani, ku kai hatsinsa a kan kari, ku riƙa leƙa shi ranar kasuwa.

Kafin buɗe makarantu a Oktoba, ku je wurin darakta da takardar rajistar hijira da duk wata shaidar makarantarsa ta baya. Idan takardar haihuwa ta salwanta a hanya, ku sanar da jami'an HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, tun yanzu, domin za a neme ta lokacin rajistar BEPC.