Inna ta kai shekara 77, za ta iya ɗaukar maganin sankara?

Assalamu alaikum Anti. An gano mahaifiyata tana da sankarar mama, ga hawan jini da ciwon suga da ta daɗe da su. Likita ya yi maganar kemo, wato maganin sankara mai ƙarfi da akan bayar ta allura. Yayanmu ya ce kada a wahalar da tsohuwa, a koma na gargajiya, ƙanena kuma ya ce a bi likita. Inna ta rame, ba ta cin abinci sosai, kwanan nan ma ta faɗi a banɗaki. Ni kaɗai ke kwana da ita, ga yara ga aiki, ƙarfina ya fara ƙarewa. Ina mafita?
Mai jinya, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alheri.

Ba shekaru kaɗai ake dubawa ba, ƙarfin jiki ake aunawa. Ki roƙi likita ya yi mata tantancewar da ake yi wa tsofaffi kafin a yanke shawara. Akwai wadda ake kira G8, tambayoyi takwas kan cin abinci, rama, tafiya, mantuwa da yawan magunguna. Makin ƙoli 17 ne, wanda ya samu 14 ko ƙasa da haka yana buƙatar bincike mai zurfi. A gida ma za ki iya gwada abu ɗaya: ta tashi daga kujera, ta yi tafiyar mita 3, ta dawo ta zauna, kina tsaye kusa da ita. Idan ta kai daƙiƙa 12, haɗarin sake faɗuwa yana nan. Ki auna nauyinta duk mako ki rubuta.

Ki kuma tambaya ko an gwada naman da aka yanko don a ga ko sankarar mai bin sinadarin jikin mace ce. Idan haka ne, tsofaffi da yawa ƙwaya ake ba su, irin letrozole ko tamoxifen, wani lokaci tare da tiyata, ba lallai sai kemo ba.

Magungunanta su ne suka fi damuna. Ki zuba duka a leda, har da jiƙe-jiƙe da abin da aka sayo a kemis, ki kai wa likita. Maganin suga kamar glibenclamide yana iya faɗar da suga sosai ga wadda ba ta ci, ta ji jiri ta faɗi. Diclofenac da ibuprofen suna illa ga ƙodar tsoho. Dexamethasone da ake haɗawa da kemo kuma yana ɗaga suga. Idan an ba ta morfin, maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, a haɗa da maganin sassauta ciki tun ranar farko, don morfin yana ɗaure ciki.

In an fara kemo, ki sayi ma'aunin zafin jiki. Zazzaɓi da ya kai digiri 38, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura, asibiti za a tafi nan take, ko da dare ne. Kada a ba ta farasitamol a jira gari ya waye, garkuwar jikinta ta yi ƙasa a lokacin. Haka in ta rikice kwatsam ta daina gane mutane.

Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida: dafaffen ƙwai, alale, kunun gyada da madara ba suga. A sa kujera a banɗaki da fitila a hanya.

Ita kanta Inna an tambaye ta? Ra'ayinta ne gaba da na kowa, a bar likita ya yi mata bayani da Hausa.

Ke kuma, ki tara 'yan'uwanki ki raba aiki da suna da rana: wane zai kai ta asibiti, wane kuɗin magani, wace za ta karɓe ki kwana biyu a mako ki yi barci. Yayanku ya bi ku ganin likita na gaba, ya yi tambayoyinsa da bakinsa.