Ƙanena ya kamu da fokar sitad: yaya ake yin ta, kuma akwai laƙanin ci?

Tambaya: Malam, ƙanena ya koyi fokar sitad mai kati bakwai a waya, yanzu kuɗinsa na ta zurarewa, amma kullum cewa yake yi lokacin cinsa ya kusa. Har wani ya yi masa alkawarin laƙani. Ina so in fahimci wasan kafin in yi masa magana.

Amsa: Ɗan'uwa, foka wasan karta ne da ake zuba kuɗi, mai haɗin katunan da ya fi ƙarfi ya kwashe, kuma sitad nau'i ne daga cikinta. Wannan nau'in shi ne ya fi tashe a Amurka kafin wani nau'in foka mai suna Texas Hold'em ya danne shi. Mutum 2 zuwa 8 ke zama, kowa ya zuba ɗan kuɗin shiga, a raba masa kati biyu a kife da ɗaya a buɗe. Mai mafi ƙanƙantar buɗaɗɗen kati shi ke fara zubi dole. Kati na huɗu da na biyar da na shida a buɗe suke zuwa, na bakwai a kife, ana zubi bayan kowane rabo, kuma tun daga na huɗu mai mafi ƙarfin abin da ke a fili ne ke fara magana. A ƙarshe kowa ya zaɓi biyar mafi kyau daga bakwai ɗinsa.

Maganar "lokacina ya kusa" kuwa, ita ce ke ɓata mini rai, domin kusan kullum sai na ji ta. Gaskiya ne cewa a cikin zagaye ɗaya tunawa da katunan da ka gani tana da amfani: idan kana riƙe da kati huɗu masu alama ɗaya kana neman na biyar, tara suka rage daga goma sha uku, kuma idan ka ga biyar daga cikinsu a gaban abokan wasa, to huɗu kaɗai kake jira. Wannan lissafi ne. Amma da zarar an tattara katunan 52 an sake gauraya su, duk abin da ya wuce ya shafe. Wanda ya faɗi sau goma a jere, damarsa a na goma sha ɗaya daidai take da ta farko, babu wani bashi da karta ke biya. Wannan ruɗin ne ke sa mutum ya ninka zubi don ya maido da abin da ya rasa, har ya kai ga cin bashi da sayar da babur.

Mai laƙanin nan kuwa maƙaryaci ne. Da yana da sirrin ci, da bai tsaya sayar da shi ga yaro a kan 'yan kuɗi ba.

Ka kuma tuna masa cewa zuba kuɗi a karta caca ce, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya wajen hani. Ka zauna da shi cikin lalama, ku lissafa abin da ya zuba da abin da ya dawo masa tun farko, sannan ka taimaka masa ya goge manhajar daga wayarsa.