Kafin a huda miki babban rami a guringuntsin kunne

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Zariya, shekaruna 23. Ina da hujin da aka yi mini tun ina jaririya, da barima ɗaya a saman kunne. Kwanaki na ga hotunan wasu 'yan mata a Instagram da babban rami a kwarin kunne, sun zura zobe mai kauri, abin ya shiga raina. Mai sayarwa ta tambaye ni geji nawa nake so, 8 ko 4 ko 0. Ni dai na ɗauka 8 ne babba. Wanne zan saya, kuma wane shiri zan yi?

Amsa: Ƙanwata, riƙe kuɗinki tukuna. Lissafin geji, wato ma'aunin kaurin ɗan kunne, a juye yake: idan lamba ta yi ƙasa, kauri ya yi sama. Asalinsa ma'aunin waya ne na masana'antun Amurka, inda wayar da aka fi ja ta cikin ƙananan ramuka ta fi sirancewa, lambarta kuma ta fi yawa. Ɗan kunnen da kika saba sawa geji 20 ne ko 18, wato milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Geji 16 milimita 1.2 ne, 14 kuma 1.6, sai 12 mai milimita 2. Geji 8 ya ɗan haura milimita 3, geji 4 ya kai 5, geji 0 kuwa milimita 8 ne, kaurin fensir ke nan. Daga can sama ma kamfanoni ba su daidaita ba, wani 00 ɗinsa milimita 9, wani 10. Don haka duk wadda za ki yi ciniki da ita, ki ce ta faɗa miki da milimita, ki ɗauko rula ki gani da idonki.

Amma ba lissafin ne ya fi damuna ba. Ƙasan kunne, inda ake huda wa jarirai, fata ce da kitse, jini na gudana a ciki sosai, shi ya sa yake warkewa cikin mako shida zuwa takwas, kuma ana iya buɗa shi a hankali ya yi faɗi. Guringuntsi ba haka yake ba. Ba shi da jijiyoyin jini na kansa, daga wani siririn tantani da ya lulluɓe shi yake samun abinci. Ƙaramin huji ma a wurin yakan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya warke, kuma ba ya son a ja shi. Wadda ta fara da ƙarami tana tura masa manya don ya buɗe, ƙulli da tsagewa take gayyatowa.

To yaya waɗancan na hoto suka yi nasu? Har zuwa wajen geji 10 ko 8, gwani yana iya yi da allura mai rami. Abin da ya wuce nan yawanci yankewa ake yi, da wani ƙarfe mai zagayen baki irin wanda likitocin fata ke ɗebo ɗan nama da shi don gwaji. A murza shi, ya fito da guntun fata da guringuntsi gaba ɗaya. Wannan guntun ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. Ranar da kika gaji kika cire zoben, ramin yana nan, sai dai likitan tiyata ya yi miki gyara, shi ma da tabo. Ina so ki karanta wannan sau biyu, don hoton Instagram ba zai faɗa miki ba.

Girman da ya dace kuma kunnenki ne zai faɗa, ba hoton wata ba. Abin dubawa shi ne abin da zai rage a gefen ramin. Kwarin kunne shi ke riƙe da tsayuwar kunnen, idan aka ci shi da yawa ko aka matsa kusa da baki, kunne na iya lanƙwashewa. Ga gwajin da ba zai ci miki ko sisi ba: auna da rula, ki zana da'ira mai faɗin milimita 5 da gazal a daidai wurin, ki yi mako guda kina sabunta ta. Ki duba madubi da safe, ki duba kin ɗaura kallabi, ki duba kina tunanin kanki a shekara hamsin. Da yawa za su ga da'irar ta fi yadda suka zata girma.

Ra'ayina a fili: ki tsaya a geji 14 ko 12. Ana samun 'yan kunne masu siririn sanda da babban kai mai ado, daga nesa kyan da kike nema ya fito, kuma ba ki rasa naman jikinki ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu baƙar fata fiye da waɗanda kike gani a hotunan, wato tabo mai tsiro da likitoci ke kira kiloid. Ya fi yawa a masu duhun fata, ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 30, kunne kuma yana cikin wuraren da ya fi fitowa. Duba tabon rigakafin da ke damtsenki, da inda kika taɓa ƙonewa, da tabon ƙuraje a ƙirji ko kafaɗa. Tambayi mama ko a dangi akwai mai shi. Idan akwai, ki haƙura da babba da ƙaramin duka. Na ga yarinya da tsiro kamar goro a bayan kunne saboda barima ɗaya, kuma ko an yanke shi yakan dawo in ba a haɗa da allurai na watanni ba.

Idan duk kin tsallake waɗannan, shirin ba shi da wuya. Kunne ɗaya za ki yi, don ki samu gefen kwanciya. Ki yi kitso kwana ɗaya kafin ranar, wanda zai janye gashi daga kunnen, ki wanke kai tun kafin. Ki ci abinci ki sha ruwa kafin ki je, kada ki sha asfirin don yana sa jini ya ƙi tsayawa. Ki tabbatar kin yi rigakafin ciwon hanta nau'in B da na tetanus. Mai ciki ta bari sai ta haihu. Mai ciwon suga, ko sikila, ko mai shan maganin tsinka jini, ta fara ganin likitanta. Ki sayi filon wuya irin na matafiya, ki riƙa sa kunnen a raminsa in za ki kwanta.

Tambaya: Yaya, bikina saura wata biyu. A shagon da ake mini kitso suna da bindigar huji, kuɗin kaɗan ne. Wani wuri a Abuja kuma sun ce da allura suke yi, amma kuɗinsu ya ninka sau da yawa. Ba duk huji ba ne? Sannan ina da 'yan kunne na ruwan gwal a lefe, zan iya fara sawa da su?

Amsa: Allah ya sanya alheri, amarya. Sai dai wata biyu ya yi kaɗan. Ranar biki kunnen yana ɗanye, ga mai ɗaurin kallabi za ta matse shi, ga hoda da turare da man gashi, ga masu runguma. Ki bari sai bayan biki.

Bindiga kuwa ban yarda da ita a guringuntsi ba ko kyauta ce. Ba ta yanka, ɗan kunne mai dakushin baki take cusawa da ƙarfi, tana iya farfasa guringuntsin. Yawancinsu roba ce a jikinsu, ba sa jure tukunyar tururi mai matsi da asibitoci ke kashe ƙwayoyin cuta da ita a zafin digiri 121, sai dai a goge da auduga a ɗora wa na gaba. Ciwon hanta ta irin wannan hanyar yake bi, kuma a ƙasar nan ba baƙo ba ne. Araha ba ta ado a nan.

Tsada kaɗai ma ba shaida ba ce. In kin je, ki ce a nuna miki tukunyar tururin. Ki ga an yage ledar allura a gabanki, mai hujin ya wanke hannu ya sa sabuwar safar hannu. Ki nemi hotunan aikinsa bayan wata shida ko shekara, ba na ranar da aka yi ba, don ranar farko kowane huji kyakkyawa ne. Wanda ya ɓata rai don kin yi tambaya, ɗauki jakarki. Wanda ya duba kunnenki ya ce wannan girman ba zai zauna ba, shi ne na riƙewa.

Na lefe ki ajiye su sai kin warke. Ruwan gwal yana goguwa, abin da ke ƙasa sau da yawa akwai ƙarfen nikel a ciki, shi ke kawo ƙaiƙayi da ruwa-ruwa ga mata da yawa. Ki nemi na ƙarfen taitaniyam irin wanda ake dasawa a jiki, mai lamba ASTM F136, ko gwal na gaske karat 14 zuwa 18 marar nikel. Azurfa ba ta dace da sabon huji ba. Ki fara da miƙaƙƙen sanda mai ɗan tsayi saboda kumburi, ba zobe ba, don zobe yana juyawa yana jan datti ciki. Bayan mako huɗu zuwa takwas ki koma a sauya miki da gajere.

Tambaya: Anti, kwana tara da yin nawa a saman kunne. Ina gogewa da Dettol, na sha Ampiclox, amma ya yi ja ya kumbura, yana zogi har ba na iya sa hijabi. In cire?

Amsa: 'Yata, yau za ki je asibiti, ba gobe ba, wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro in da hali. Ja da zafi da kumburi a saman kunne, ƙasansa kuma lafiya lau, alama ce ta cewa cuta ta kama tantanin nan da ke ciyar da guringuntsi. Ƙwayar da ta fi jawo hakan, Sudomonas, tana son wuri mai danshi, kuma Ampiclox ba ya kashe ta. Idan mugunya ta taru ta raba tantanin da guringuntsin, guringuntsin yana mutuwa cikin kwanaki, kunne ya tattare har abada. Kada ki matsa, kada ki cire da kanki, likita ne zai yanke wannan hukuncin.

Ki daina Dettol da sifirit da man zafi, suna ƙona sabuwar fata ne. Ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 cikin 100, irin na ƙarin ruwa, shi kaɗai ya isa wajen goge wurin, sau biyu a rana, ki busar da gauz mai tsabta. Bayan alwala ko wanka ma ki yi hakan, kada ki bar wurin a jiƙe. A hanyar asibiti ki yafa mayafi mai sauƙi wanda ba zai danne kunnen ba, ki tafi da kwalin maganin da kika sha ki nuna wa likita.