Filin Likita: Ƙashi ba icce ba ne, yana da rai

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka mani. Yarona ɗan shekara 9 ya hwaɗo daga bisa iccen mangwaro, hannu ya karye ƙasan gwiwar hannu, anka kai shi ga mai ɗori anka ɗaure da karare da tsumma tamau. Yanzu yatsun sun kumbura sun yi sanyi, baya barci sai kuka, kakarshi ta ce haka ɗori yake, wai ƙashi icce ne sai an matse shi ya kama. Mi ya kamata in yi? Wata uwa daga Talata Mafara.

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya bashi lafiya. Na riga na amsa miki a daren da saƙonki ya shigo na ce ku kwance ɗaurin ku wuce asibiti, amma zan maimaita a nan saboda sauran iyaye.

Da girmamawa ga Inna, ƙashi ba icce ba ne wallahi. Jini na shiga yana fita a cikinsa, yana da jijiyoyi, kuma ɓargon da ke ciki shi ke ƙera mana jini, ban da aikin ɗaukar jiki da tsare ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai da zuciya da huhu a bayan haƙarƙari guda 24. Babban mutum ƙashi 206 gareshi, jariri kuwa ya fi haka, wajen 270, da yawa sai sun haɗe yayin da yake girma.

Inda yaronki ya karye ƙashi biyu ne a jere, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ɗaya na juyawa a kan ɗaya, shi ya sa kike iya juya tafin hannu sama ko ƙasa. To idan ya karye nama na kumbura, in aka zo aka ɗaure tam kumburin bashi da inda zai je sai ya danne hanyar jini, kuma naman da jini ya daina kai masa a cikin awanni kaɗan yake fara mutuwa, ba kwanaki ba. Yatsu su yi sanyi ko su yi duhu, ko yaro ya ce baya jinsu, ko ciwon da magani baya taɓawa, wannan ba alamar kamawa bane, gaggawa ce. Abin na ci mani rai sosai domin karayar da za ta warke lafiya lau ita ce ke ƙarewa da yanke hannu.

Matsi baya haɗa ƙashi, jiki ne ke haɗa abinsa. Jini ya daskare a wurin, sai wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya cike tsakanin, a hankali ya koma ƙashi mai tauri. Aikin likita ya ɗau hoton ƙashi (X-ray) ya gani, ya daidaita, ya sa siminti yadda ba zai motsa ba kuma ba zai shaƙe hannun ba. Yara na warkewa da wuri, sati 4 zuwa 6 galibi, manya sukan kai ninkin haka. Amma yara na da wani guringuntsi a ƙarshen ƙashi wanda daga nan suke tsawo, in karayar ta taɓa shi aka bari hannun na iya fitowa a karkace ko ya gajarce, kuma ido baya ganin wannan sai hoto.

Ni bana zagin masu ɗori, da yawa gado ne kuma da niyyar taimako suke yi, sai dai basa ganin cikin hannu. In asibitin kusa ba hoto ku je Gusau, asibitin tarayya ko na Yariman Bakura, in abin ya yi tsanani su da kansu za su tura ku asibitin ƙashi na Dala a Kano.

In an dawo gida a riƙa ɗora hannun bisa matashi, a bashi nono da kifi da miyar zogale saboda kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ya ɗan sha hantsi, kuma kar a bari ruwa ya jiƙa simintin. Ki sake rubuto mani in ji yadda yatsun suka koma.