Kafin ka sayi hannun jari, duba yadda ake biyan shugaba

Wani matashi ya rubuto cewa zai sayi hannun jari a kamfanin da shugabansa ya fi kowa albashi, wai ba a biyan irin wannan kuɗi sai kamfani na da ƙarfi. Haba ɗan samari! Da wannan lissafin za ka zuba guminka? Hukumar daraktoci ce ke yanka albashin, kuma in shugaban ya cika ta da abokansa, za su ba shi abin da yake so ko da kamfani na tangal-tangal. Riƙe kuɗinka tukuna.

Wani dattijo da ya karɓi kuɗin sallama ya tambayi abin da zai duba a rahoton shekara. Baba, Allah ya sa albarka. Nemi shafin da ya bayyana a kan me ake ba shugabanni tukwici, don abin da aka sa wa lada shi mutum zai bi. Abin da ke damuna ke nan: jama'a na sayen jari da jita-jita, rahoton kuwa ko buɗe shi ba sa yi.

Dubi bankin Wells Fargo na Amurka. An matsa wa ma'aikata lamba su ƙara yawan asusu, sai suka riƙa buɗewa da sunan mutane ba da saninsu ba. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185 kan asusu da katunan bashi kusan miliyan 2, bayan an kori ma'aikata wajen 5,300. Ina daraktoci suke duk waɗannan shekaru? A lokacin, John Stumpf shi ne shugaban bankin, shi ne kuma shugaban hukumar da ke sa masa ido. Sai da asiri ya tonu aka ƙwace masa dala miliyan 41, daga baya aka ƙara 28. Tun 1992 rahoton kwamitin Cadbury kan tafiyar da kamfanoni a Ingila ya ba da shawarar a raba kujerun nan biyu.

Don haka Baba, in mutum ɗaya ne a kansu, yi hattara. In tukwici na bin ribar shekara ɗaya kawai, shugaba zai yi kasada da dukiyarka, ya kwashi nasa, asarar ta biyo baya. Duba ko ana jinkirta wani kaso na shekaru, ko akwai sharaɗin karɓe shi in lissafi ya zama na bogi, sannan ko jami'in kula da haɗari na iya kai ƙorafi ga daraktoci kai tsaye. Kada kuma ka zuba kuɗin sallamar gaba ɗaya a wuri guda.

Wata baiwar Allah da ta gaji jarin mijinta ta samu takardar taron shekara, da batun ƙuri'a kan albashin daraktoci, har ta tsorata ko bashi ake bin ta. Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, kwantar da hankalinki, ba kya biyan ko sisi. Haƙƙinki ne a matsayin mai jari. Nauyin ƙuri'ar ya bambanta: a Amurka shawara ce kawai tun dokar 2010, a Birtaniya kuwa tun 2013 dole a bi ta kan tsarin albashi. In ba za ki je ba, cike takardar wakilci, wato ta naɗa wanda zai kaɗa ƙuri'a a madadinki, amma ki nuna zaɓinki da kanki kafin ki sa hannu.