Tambaya da Amsa: Na'urar Tana Karkarwa, Ina Matsalar Take a Rubutuna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ni matashi ne mai aikin kwamfuta ta intanet. Wani mutum a Jamus ya ba ni kwangilar rubuta fayilolin motsi na irin na'urorin nan na jin daɗin jima'i na manya da ake haɗawa da bidiyo, na'urar ta riƙa motsi daidai da abin da ke kan allo. Na yi amfani da manhajar da ke bin motsi da kanta, na tura masa. Sai ya dawo mini da aikin da ƙorafi uku: na'urar tana karkarwa, a wasu wurare tana cijewa, kuma daga tsakiyar bidiyon motsin ya daina tafiya tare da hoto. Ba ni da na'urar balle in gwada, kunya kuma ta hana ni tambayar kowa. Mai karatu, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar dacewar aikin ga addininka da mutuncinka, malaminka za ka zauna da shi, kuma ina ba ka shawarar ka zauna ɗin. Ni ɓangaren injin zan amsa, domin abin da ka rubuta jikin mutum yake taɓawa, rubutu mara kyau kuma yana iya ji wa mutum ciwo.

Buɗe fayil ɗin da Notepad ka duba da idonka. Tsarin da ake kira funscript jerin ɗigo ne kawai, kowane ɗigo da lamba biyu. Ta farko lokaci ce a milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Ta biyu matsayi ce daga 0 zuwa 100, 0 ƙasa, 100 sama. Babu inda aka rubuta gudu. Na'urar ce ke duba tazarar da ke tsakanin ɗigo biyu da lokacin da aka ba ta, ta lissafa saurin da za ta yi. Ƙorafi biyu cikin ukun da aka yi maka daga nan suka fito.

Karkarwar, kusan tabbas manhajar bin motsin ce ta jawo maka. Tana duba bidiyo hoto bayan hoto, a bidiyo mai hotuna 30 a sakan kuwa, tsakanin hoto da hoto milisakan 33 ne. Idan ta aje ɗigo a kowane hoto, za ka ga lambobi irin haka a jere: 41, 44, 43, 47, 46, 51. A ido layin yana hawa sama. Ga injin kuwa, an ce masa ya hau, ya ɗan koma baya, ya sake hawa, sau da yawa cikin sakan guda, kamar direban da ke taka totur da birki bi da bi. Ƙaramar girgizar kyamara ma manhajar tana ɗaukarta a matsayin motsi.

Maganinsa ragi ne. A yawancin wurare ɗigo biyu sun isa: inda motsi ya kai ƙololuwa da inda ya kai ƙasa. Sauran duk sharewa za ka yi, sai fa inda saurin ya canza da gaske a tsakiyar tafiya. Manhajar OpenFunscripter, wadda kyauta ce, tana da hanyar sauƙaƙa ɗigo, akasarin irin waɗannan kayan aiki kuma suna dogara ne da lissafin Ramer, Douglas da Peucker da aka wallafa a 1972 da 1973, wanda masu zanen taswira ke rage lanƙwasar layi da shi. Amma kada ka danna ka tafi. Idan ka matsa masa da yawa yakan cinye ƙololuwar kanta, motsin ya zama lami. Ni dai ban yarda da fayil ɗin da mutum bai bi shi da hannu daga farko har ƙarshe ba. Masu saye sun san bambancin, shi ya sa suke biyan mutum alhali manhajar tana nan kyauta.

Cijewar ita ce ta fi damuna, domin a nan ne ake ji wa mutane ciwo. Ɗauki The Handy, na'urar da wani kamfanin Norway ke ƙerawa. Tsawon tafiyarta milimita 110 ne, iyakar gudunta kimanin milimita 400 a sakan. To ka ce mata ta tashi daga 0 zuwa 100 cikin milisakan 200. Lissafa: milimita 110 cikin kashi ɗaya bisa biyar na sakan, milimita 550 ke nan a sakan. Ba za ta iya ba. Kafin ta kai, umarni na gaba ya iso, sai ta juya daga rabin hanya da fizga. Idan hakan ya daɗe injin ya ɗauki zafi, wasu na'urorin kuma sukan tsaya don kare kansu.

Kada ka taɓa lokacin, tunda shi ne ke riƙe motsi da hoto. Tazarar za ka rage. Mai da 0 zuwa 100 ɗin nan 20 zuwa 80: milimita 66 cikin milisakan 200, wato 330 a sakan, ya shiga cikin iyaka. Idan wurin ya yi sauri ƙwarai, tsallake bugu ɗaya cikin biyu, na'urar ta bi rabin kiɗan. Taswirar launi da manhajojin ke zanawa za ta nuna maka wuraren, inda ya yi ja wur nan ne gudu ya yi yawa. Akwai kuma kishiyar wannan: tafiya mai tsananin jinkiri, misali daga 40 zuwa 45 cikin sakan uku, tana iya faɗawa ƙasa da abin da injin zai iya yi a santsi, sai ya riƙa tafiya taki-taki. Can gara ka tsayar da shi cak da ɗigo biyu masu matsayi ɗaya, sannan ya motsa.

Ƙorafi na ukun, tambaya guda ce za ta raba gardama. Tazarar da ke tsakanin motsi da hoto, iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ko ƙaruwa take yi? Idan iri ɗaya ce, jinkirin Bluetooth ne ko na Wi-Fi, ko kuma bidiyonsa yana da gabatarwar da naka ba shi da ita, wannan kuwa shi zai gyara a saitin manhajar kallonsa. Kai ka ce daga tsakiya ne abin ya lalace, saboda haka ƙaruwa take yi. Wataƙila manhajarka ta ɗauka hotuna 30 ne a sakan alhali 29.97 ne. Bambancin kamar ba komai, amma a awa guda ya kai sakan 3.6, a rabin awa 1.8. Bidiyon waya kuma sau da yawa yawan hotunansa a sakan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wuce da shi ta manhajar sauya bidiyo irin HandBrake ko ffmpeg ka mai da yawan hotunansa a sakan tsayayye, ka yi aiki a kan wannan kwafin, ka tabbata shi ne a hannun mai aikin.

Rashin na'ura ba zai hana ka gwaji ba. OpenFunscripter yana da sandar kwaikwayo da ke hawa da sauka a kan allo. Kunna ta a rabin gudu ka zuba mata ido, duk inda ta yi tsalle ka tsaya ka duba lambobin. Ka kuma tambaye shi wace na'ura ce a hannunsa. Keon ta kamfanin Kiiroo na Amsterdam ba ta jure abin da OSR2 ke jurewa, ita OSR2 ɗin da hannu ake harhaɗa ta da ƙananan injunan da ake kira servo, kuma idan wutar da ke ciyar da su ba ta isa ba sukan yi rawa ko da rubutun ba shi da aibi.

Abu guda da ba na sassauci a kansa: duk bidiyon da ka ga alamar an ɗauke shi a ɓoye, ko akwai wanda shekarunsa ba su kai ba, rufe shi ka bar kwangilar. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta hatta ajiye hotunan batsa na yara a kwamfuta.

Kafin ka sake taɓa dukkan fayil ɗin, gyara minti ɗaya daga wurin da ya fi ja a taswirar, ka tura masa tare da kwafin bidiyon da ka daidaita, ya gwada ya faɗa maka a sakan na nawa ya ji fizga.